Ƙa'idar Malam Munzali

Munzali yana ɗinke wayar caji a jikin wata tsohuwar salula lokacin da ya ji kujerun bayansa sun fara ƙara. Bai waiwaya ba. Mutum shida ne zaune gaban kwamfutocin shagonsa da ke bakin kasuwar Birnin Kudu, kowanne da abin saurare a kunne, kuma tun ƙarfe ɗaya da rabi suke danna wuri guda ana mayar musu da amsa guda: an kasa haɗa ku da saba.

Saba ita ce kwamfutar da ke riƙe da wasan, inda 'yan wasa daga ko'ina suke haɗuwa. Wasan kuwa ƙwallon ƙafa ne na kwamfuta, irin wanda kowane mutum yake riƙe da ɗan wasa ɗaya, goma sha ɗaya nan, goma sha ɗaya can. Yau ne wasan ƙarshe na gasar bayan Sallah, Birnin Kudu da Gwaram. Shida daga cikin 'yan Birnin Kudu suna nan shagon, sauran biyar ɗin suna Kano da Dutse, kowa a ɗakinsa. Sabar da za a buga wasan a kanta tana Gwaram, a shagon Ikrima.

Nan ne abin yake yi wa Munzali ciwo. Shi ya fara kawo wannan harka yankin gaba ɗaya. Shekara huɗu da suka wuce ya haɗa saba da hannunsa daga gawar kwamfutoci uku, ya girke ta a ɗakin zaure na gidansa, ya ba ta batirin sola, har matarsa Batulu ta haƙura da firjinta. Ikrima kuwa ɗan ƙanwar babansa ne, abokin wasansa, wanda ya gaji da tuƙin motar haya ya zo ya zauna shekara biyu a wannan shagon yana koyo. Da farko da tsokana yake ce masa Malam, daga baya sunan ya zauna da gaske. Ya koma Gwaram ya buɗe nasa wurin, Allah ya sa shagon yana dab da ƙarfen sabis, sabarsa ta fi sauri, kuma cikin damina ɗaya mutane suka kwashe suka koma can. Yanzu a kan kujerun Munzali ake zama a shiga sabar Ikrima, shi kuma yana karɓar kuɗin awa yana murmushin da bai kai ciki ba.

Kullum da safe yakan buɗe jerin sabobi a wayarsa. Waɗanda ke cike da mutane suna sama, waɗanda babu kowa suna can ƙasa. Ta Ikrima kullum tana sama. Ya daɗe da daina gangarawa ƙasan jerin, don ganin sifili a gaban sunan tasa yana hana shi cin abinci.

Abdulnasir, kyaftin ɗin Birnin Kudu, ma'aikacin ɗakin magani ne a asibiti, ya cire abin sauraren ya ajiye. Ya ce ya yi magana da mutanen Gwaram, su duk sun shiga fili suna ta ɗumama jiki, na waje ne kawai ba sa iya shiga. Wani daga gefe ya ce da gangan ne, sun rufe ƙofa don a ba su kofi a banza.

Hannun Munzali ya tsaya cak a kan wayar. Na ciki suna shiga, na waje ba sa shiga. Ya san wannan ciwon kamar yadda ya san hanyar gidansu. Wani daɗi ya taso masa daga ciki, har sai da ya sunkuyar da kai kada a gani a fuskarsa.

"Mun yi da su," in ji Abdulnasir, "idan aka idar da la'asar ba ta gyaru ba, za a dawo sabarka, Malam. Ko da tana ɗan jan ƙafa. Tana aiki dai ko?"

"Shekara huɗu ba ta taɓa mutuwa ba," ya ce.

Bai ji daɗin maganar jan ƙafar ba, amma ya haɗiye. Ya san mutane. Idan aka buga wasan ƙarshe a sabarsa, gobe ma can za su shiga, jibi ma haka, don ɗan wasa ba ya son wurin da ya taɓa kunyata shi.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Ikrima ne, muryarsa a shaƙe, hayaniya a bayansa. Ya ce an ɗauke wuta da azahar, sun tayar da janareta, tun daga nan abu ya rikice. Ya bi ƙa'ida sau tara. Ya roƙi Malam ya gaya masa ko akwai abin da ya manta.

Maganar da za ta warware komai ba ta wuce minti biyu a waya ba. Munzali ya ce irin wannan sai an gani da ido, ga shi nan zuwa. Ya duba agogo, biyu saura.

A tasha ya tarar da motar Gwaram saura mutum ɗaya ta cika. Ya tsaya sayen ruwan leda, ya tsaya gaisawa da wani mai faci da ba su saba doguwar gaisuwa ba, har wata tsohuwa da kwandon kaji ta cike gurbin. Ya shiga ta biyu ya zauna a gaba, ita kuwa sai da ta ci rabin awa kafin ta cika. Bai gaya wa kansa cewa da gangan yake yi ba. Ya dai ce a ransa mutum ba ya gudu don aikin da ba nasa ba.

An yi ruwa da safe, hanya ta yi sanyi, gero ya fi mutum tsayi a gefen titi. Direban ya san Ikrima tun suna tuƙi tare, da ya ji inda Munzali za shi sai ya buɗe baki. Ai Ikrima ya zama abin alfahari, yaran Zandam da Kwandiko ma sun buɗe ƙananan shaguna duk shi ya haɗa musu, Alhaji Badaru mai motoci da kansa ya sayi kofin gasar. Munzali ya ce ma sha Allah. Direban ya tambaye shi ko shi ma yana ɗan taɓa harkar. Munzali ya ce yana ɗan taɓawa, ya juya yana kallon gonaki.

Abin da ya faru a Gwaram ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya sani. Rawuta, akwatin da ke raba intanet a shago, tana ba kowace na'ura lamba idan ta shigo, kamar yadda ake ba marasa lafiya kati a asibiti: wanda ya riga zuwa shi ne na farko, lambobin kuma daga ɗari suke farawa. Mutanen waje kuma ta ƙofa ɗaya suke shigowa, an kuma gaya wa rawuta duk wanda ya ƙwanƙwasa wannan ƙofar ta kai shi wurin mai lamba ɗari. Idan saba ce ke riƙe da ɗari, lafiya lau. Idan wani ya riga ta, baƙi za su yi ta sallama a gidan da ba shi ba. Maganin abin shi ne a ɗaure lambar a jikin sabar har abada, yadda ko sau nawa aka ɗauke wuta ba mai karɓe mata. Aikin shafi ɗaya ne a cikin saitin rawuta.

Wannan shafin ne Munzali bai taɓa nuna wa Ikrima ba. Baban Munzali mai gyaran rediyo ne, kuma a wurinsa ya ga yadda masu sana'a ke yi: ka koya wa mutum komai, ka rage abu ɗaya a aljihunka don ya riƙa dawowa yana gaishe ka. Don haka maimakon shafin sai ya ba shi wata dabara. Idan wuta ta dawo, ka kashe duk kwamfutoci, ka kunna rawuta, ka kunna saba ita kaɗai, ka ƙirga talatin, sannan ka kunna sauran. Da haka saba ce ke riga kowa karɓar ɗari. Dabarar ta yi aiki shekara biyu. Amma yau ranar taro ce, kuma Munzali ya san halin ɗan'uwansa, mutum ne da ba ya iya hana baƙo lambar sirrin wayfay. Wayoyi arba'in a aljihun 'yan kallo ba sa jiran a ƙirga talatin.

Ya sauka Gwaram ƙarfe uku da rabi ta gota. Tun daga nesa ya ga rumfa da kujerun roba da babura jere, ga babban allo da aka rataya a bangon waje don 'yan kallo. Shagon ya ninka nasa biyu. An yi masa fenti, an sa tayil, fankoki huɗu suna juyawa. Ya tsaya a ƙofa yana ƙirga kwamfutoci ba tare da ya yi niyya ba, goma sha huɗu.

Alhaji Badaru yana zaune a kujerar gaba, kofin a kan tebur kusa da shi, yana fifita da hularsa. Munzali ya durƙusa ya gaishe shi. Alhaji ya ce to, ga babban likita ya iso, a ba shi hanya.

Ikrima ya fito da gumi har ya jiƙa rigarsa, ya kama hannun Munzali da hannu biyu. Ko tsokanar da suka saba ta abokan wasa bai yi ba. Ya ja shi zuwa ƙuryar shago inda sabar take a kan katako, an lulluɓe samanta da ƙyalle mai tsabta. A bangon da ke kanta an manna wani kwali, an rubuta da babban alƙalami: ƘA'IDAR MALAM MUNZALI. A ƙasa ga matakan nan huɗu, har da ƙirga talatin.

Munzali ya daɗe yana kallon kwalin. Ikrima ya ce ai duk shagon da ya haɗa sai ya manna musu irinsa, na Zandam, na Kwandiko, har da wani a Yalwan Damai. Yaran can ba su taɓa ganin Malam ba amma sun san sunansa.

Ya zauna ya buɗe saitin rawuta. Jerin na'urori ya fito, arba'in da bakwai. Saba tana can a lamba ɗari da talatin da takwas. A kan ɗari kuwa ga sunan waya ɓaro-ɓaro: Alh Badaru. Tun azahar 'yan wasan Birnin Kudu da na Kano da na Dutse suke ƙwanƙwasa aljihun Alhaji, shi kuwa yana zaune yana fifita. Da a wata rana ce da Munzali ya yi dariya har hawaye.

Aka kira la'asar a masallacin da ke tsallaken titi.

Hanya uku ce a gabansa, ya kuma gan su sarai. Zai iya dafa rawutar ya ce ta yi zafi, wutar janareta ta taɓa ta, sai an kawo sabuwa daga Kano. Ba wanda zai musa masa, kuma kafin magariba sunan sabarsa zai hau saman jeri. Zai iya kuma juya ƙofar zuwa sabuwar lambar a ɓoye, wasa ya yiwu yau, a yi masa tafi, gobe idan an ɗauke wuta a sake nemansa. Ta ukun ita ce shafin nan.

Ya ce a je a yi salla tukuna. A sahu yana gefen Ikrima, kafaɗa da kafaɗa, bai san surar da ya karanta ba. Yana ta tuna fentin shagon da fankokin nan huɗu, da direban da ya tambaye shi ko yana ɗan taɓawa. Da aka sallame ya ga saƙon Abdulnasir a waya: mu shiga taka?

Ya mayar da wayar aljihu. Suka koma ƙuryar. Ikrima ya ɗauko wani tsohon littafin rubutu mai baƙin bango, wanda Munzali ya gane nan take. Shi ne wanda yake rubuta duk abin da aka gaya masa lokacin yana koyo. Ya buɗe sabon shafi ya riƙe biro, ya tsaya a bayan kujera kamar da.

Munzali ya ɗora tafin hannunsa a kan rawutar. Da ɗuminta, irin ɗumin da kowace rawuta ke yi. Ƙaryar tana bakinsa.

"Ni dai na san ba daga ƙa'idar ba ne," in ji Ikrima a hankali. "Bara wani ɗalibi, Iliyasu, ya zo daga Dutse yana ce min wai ana iya ɗaure wa saba lambarta, ba sai an yi ƙirge-ƙirge ba. A gaban mutane ya ce wanda ya koya min bai iya ba. Na ce masa da akwai wannan da Malam ya gaya min. Na ce ya tashi ya bar min shago. Har yau ba ma gaisawa."

Munzali ya janye hannunsa daga kan rawutar. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ke sa kunne zafi, kuma abin haushin shi ne kishin bai tafi ba, suna nan tare su biyu a ƙirjinsa. Ya ɗaga kai ya sake kallon kwalin. Duk abin da ya mallaka na suna a ƙasar Gwaram shi ne wannan, kuma ƙarya ce.

Ya matsa kibiyar zuwa shafin da bai taɓa buɗewa a gaban kowa ba.

"Rubuta," ya ce.

Ya yi aikin a hankali yadda mai rubutu zai iya bi. Ya nuna masa lambar jikin sabar, wadda aka ƙera ta da ita ba ta canzawa. Ya haɗa ta da ɗari, ya danna ajiye. Ya ce a kashe rawuta a kunna, kada a kashe komai, kada kuma a ƙirga komai. Fitilu suka mutu suka dawo. Wayoyi suka yi ta rububin shigowa, kowacce ta karɓi lambarta, ɗari kuwa ta tsaya ba mai taɓa ta har saba ta zo ta ɗauka. Wayar Alhaji Badaru ta koma ɗari da shida.

A babban allon waje sunaye suka fara faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Abdulnasir ne farko. Rumfa ta ɗauki sowa. Goma sha biyar, goma sha tara, ashirin da biyu.

Biron Ikrima ya tsaya tun ɗazu. Yana kallon abin da ya rubuta, layi biyar kacal.

"Yaushe ka san wannan, Malam?"

"Tun kafin ka zo shagona."

Ikrima ya rufe littafin, ya sa biron a aljihu. Ya miƙa hannu ya ɓamɓare kwalin daga bango a hankali, kusurwa bayan kusurwa don kada fenti ya tashi, ya naɗe shi biyu ya tura ƙarƙashin katako. Daga nan ya tambayi wani da ke kusa ko yana da lambar Iliyasu na Dutse. Sai ya wuce wurin 'yan wasansa, bai ƙara kallon ƙuryar ba.

Alhaji Badaru ya kira Munzali ya zo ya zauna kusa da shi a yi kallo, yana ta sa masa albarka. Munzali ya ce yana zuwa. Ya zagaya bayan shagon inda janareta ke ruri, ya matsa gaba har gindin wata darbejiya inda zai iya jin waya. Wasan yana tafiya sumul, ko daga nan yana hango allon, ƙwallo ba ta tsayawa ba ta tsalle. Tasa ba ta taɓa tafiya haka ba, ya sani, kuma sanin bai rage masa zafi ba.

Ya kira Batulu. Ta ɗauka da hayaniyar yara a bayanta, ta tambaye shi ko lafiya, ta ji an ce ya tafi Gwaram. Ya ce lafiya. Sannan ya ce ta shiga ɗakin zaure, akwai maɓalli a bayan kwamfutar, ta danna ta riƙe har fankar ta tsaya. Ta cire wayar daga jikin batirin ta sa firjinta. Ya ce ya gama da sabar.



"Baban Kausar," in ji Batulu, "ai na kashe ta tun saura kwana uku Sallah, saboda naman layya. Na ce idan ka yi magana in mayar. Da na ji shiru na zaci ka sani."

Ya lissafa. Kwana goma sha tara. Ba wanda ya kira shi ya ce ya nemi shiga ya kasa, ko mutum ɗaya. Ya tuna yadda ya buɗe baki ɗazu a gaban Abdulnasir ya ce shekara huɗu, ya tuna hannunsa a kan rawuta da abin da ya kusa faɗa, da mutum ashirin da biyu da zai aika gidan da ba kowa.

Ya sauke wayar daga kunne, ya buɗe jerin sabobi. Ta Ikrima tana sama, cike. Ya sa yatsa ya gangara, ya wuce na Kano, ya wuce na Bauchi, har ya kai ƙarshe inda jerin ya ƙi motsawa. Sunan tasa ba ya nan.

A rumfa aka kwashe da ihu, wani ya ci ƙwallo, bai san ko wane gari ba ne. Muryar Batulu tana fitowa ƙanƙanuwa daga wayar da ke hannunsa, tana tambaya ko yana jin ta, ko ta mayar masa da ita ne.

Ya mayar da wayar kunne.

"A'a," ya ce. "Ki dai ajiye min ruwan sanyi."